Yadda za ki bi sababbin littattafai daga Maraɗi, karatun lakwal bai sha ƙasa ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙannena na unguwa da wasu 'yan lise da muke haɗuwa da su sun dame ni da tambaya ɗaya, wai Anti a ina kike samun littattafan nan tun suna da zafinsu, kuma ya kike yi kina karanta su ga karatun jami'a a kanki. Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya a waya shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya yadda nake yi. Da "ke" zan yi magana don mata suka fi tambayata, amma samari masu karatu ku ma da ku nake, na san kuna nan da yawa kuna karantawa a ɓoye.

Matakin farko, wanda kowa ke tsallakewa: ki koyi karanta Hausar boko da kyau.

Mu nan da Faransanci aka buɗe mana ido a lakwal, shi ya sa in za mu gaida mutum a waya sai mu rubuta "ina kouana", "tchikin gida", "chi ke nan". To littattafan da ke fitowa daga Kano da Katsina da Kaduna da Sakkwato ba haka ake rubuta su ba, kuma na ga yara da yawa sun buɗe littafi sun yi layi uku sun rufe sun ce wai kansu na ciwo. Ba kanki ba ne, ido ne bai saba ba. Abin da za ki riƙe kaɗan ne. Inda kika ga u to "ou" ɗinmu ne. Inda kika ga c to "tch" ne, kamar a ciki, cuta, abinci. Sh shi ne "ch". E kullum "é" ce, ba ta yin shiru a ƙarshen kalma. G ba ta laushi ko gaban e ko gaban i, gida da gero duk g ɗaya ce. S kuma ba ta zama z don ta shiga tsakanin wasula, kasa kasa ce. Sai masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, da kuma 'y ta "'ya'ya" wadda a rubutun Nijar ake yi mata ƙugiya ita ma, ƴ. Matsalar ita ce marubutan intanet da yawa ba sa saka ƙugiyar sam, sai ki ga "kasa" ki rasa ƙasa ake nufi ko kasawa, a nan jimlar ce za ta gaya miki, kuma bayan sati biyu ba za ki ma lura kina yi ba.

Dabarar da ta yi mini aiki ita ce karatu da ƙarfi. Na zauna bayan Isha'i ina karanta ma innata feji biyu uku a fili, ita ba ta yi boko ba amma da na karkace a kalma za ta gyara mini tun kafin in gama furta ta, don kunnenta ya fi idona sanin Hausa. In kin sami Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ki fara da ita, labaran gajeru ne kuma an tace rubutun, ba za ki koyi kuskure ba. Kada ki fara da littafin WhatsApp, can kowa da yadda yake rubuta nashi. Kuma ki sa a ranki wannan koyon ba ɓata lokaci ba ne, tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, wanda ya iya rubuta ta daidai ba zai yi asara ba.

Wani abu kuma, za ki riƙa cin karo da kalmomin da ba namu ba. Su za su ce asibiti mu likita muke cewa, su ce lauya, su ce jarrabawar WAEC inda mu za mu ce birbe ko bak, ga Turancin Ingilishi da suke yayyafawa a tsakiyar zance. Kada ki tsaya kan kowace, ki wuce, in ta dawo sau uku sannan ki tambaya.

Mataki na biyu, ki gyara wayarki. Wannan ba ya son dogon zance. Rubutu ba ya cin data, abin da ke cinye miki forfe, wato datar da kika saya, shi ne bidiyo da hotunan da ke sauka da kansu a guruf, don haka ki shiga saitin WhatsApp ki kashe saukar kai-tsaye tun yau. Ki buɗe jaka guda a waya ki sa mata suna, duk littafin da kika sauke ki tura shi can da sunan marubuciya a gaba, in ba haka ba wata uku za ki tarar da takardu ɗari duk sunansu ɗaya. Ki sauke lokacin da rezo ke da kyau ki karanta ba tare da data ba. Da zafi kuma, watannin Afrilu da Mayu da kuran, wato wutar lantarki, ke yawan ɗaukewa, ki rage hasken fuskar waya ki mayar da ita baƙa rubutu fari, caji zai daɗe idonki ma zai huta.

Na uku, ina sababbin suke fitowa?

Gaskiyar magana yanzu sabon littafin matasa a waya yake fara fitowa, ba a takarda ba. Yayyenmu sun yi zamanin ƙananan littattafan nan da ake bugawa a Kano tun wajen tsakiyar shekarun 1980, waɗanda ake kira adabin kasuwar Kano, littafi na ɗaya na biyu na uku, a karanta a ba maƙwabciya har bangon ya cire. Mu namu zamanin marubuciya tana rubutawa ne tana sakewa feji-feji, yau ɗaya jibi ɗaya, a guruf ɗinta na WhatsApp ko a Wattpad ko a shafinta na Facebook, wasu kuma suna ɗorawa a manhajar ArewaBooks. Akwai masu karanta littafi da murya a YouTube, yana da daɗi in kina wanki ko tsintar shinkafa, sai dai shi yana shan data, ki bar shi sai kin sami wifi.

To ga inda mutane ke kuskure. Sai yarinya ta shiga guruf goma sha biyar a rana ɗaya, safiya na yi saƙo dubu biyu, ta rasa wanne za ta bi, ta fara littafi bakwai ba ta gama ko ɗaya ba. Ni ba na haka. Marubuta uku zuwa huɗu nake bi, waɗanda na karanta wani littafinsu har ƙarshe na gamsu da alƙalaminsu. A Wattpad in kika bi marubuciya kika sa littafin a ma'ajiyarki za a sanar da ke duk sanda ta saki sabon feji, ba sai kin yi ta leƙe ba. Guruf kuma biyu sun ishe ki, ɗaya na marubuciyar da kike bi yanzu, ɗaya na sharhi inda masu karatu ke faɗin abin da ya fito da yadda suka gan shi. Daga na sharhin nan nake jin labarin sababbin marubuta, in na ji mutum uku waɗanda na yarda da ɗanɗanonsu sun ambaci suna ɗaya, sai in je in duba.

Ki kuma riƙa sa ido kan gasar Hikayata ta BBC Hausa, ta gajerun labarai ce ta mata zalla, tun 2016 ake yin ta duk shekara. Labaran da suka yi fice ana karanta su, kuma nan ne za ki ji sababbin sunaye kafin su cika gari. A 2022 'yar garin nan ce, Amira Souley, ta zo ta ɗaya, ranar da na ji wallahi kamar ni aka ba, don kullum ana ganin kamar rubutun Hausa na mutanen ƙetaren iyaka ne mu namu karatu kawai.

Na takarda fa? Suna nan, sai dai sai kin nema. Mu Maraɗi Allah ya yi mana gata, Katsina ta fi mana Yamai kusa nesa ba kusa ba, Yamai fiye da kilomita 600 ce, nan kuwa ta Ɗan Isa ka faɗa Jibiya ka shiga Katsina, daga can Kano. Kusan kowane gida akwai mai zuwa sarin kaya. Abin da nake yi shi ne in rubuta ma kawuna sunan littafi da na marubucin da lambar littafin a takarda da manyan baƙaƙe, in haɗa da hoton bangon a waya, don in kika ce masa kawai "littafin Hausa" zai kawo miki na uku babu na ɗaya da na biyu. Ki ce ya tambaya a wajen masu littattafai na kasuwar Sabon Gari. Kuma ki san hanyar nan takan toshe, lokacin da aka rufe iyaka bayan Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024 ban ga sabon littafin takarda ko ɗaya ba, tsofaffin da ke cikin akwatin yayata su na sake bi. A cikin gari ki duba masu shimfiɗa littattafai a babbar kasuwa, musamman wajen shigowar lakwal a watan Oktoba, a ƙarƙashin tarin kaye, wato littattafan rubutu, da littattafan lissafi wani lokaci akwai labarai na Hausa da na Faransanci da suka yi ƙura ba wanda ya taɓa. Na Faransancin kada ki raina su, su ne ke gyara miki rubutu ranar jarrabawa.

Na huɗu, kafin ki ba littafi zuciyarki ki gwada shi.

Yawancin marubutan intanet suna sakin fejin farko kyauta, goma ko sha biyar ko ashirin, sai inda labari ya ɗau zafi su ce daga nan na kuɗi ne. Ba laifi, guminsu ne. Ke dai ki yi amfani da na kyautan nan ki auna. Abin da nake dubawa, na farko, shin ta taɓa gama littafi? Akwai masu farawa da ƙarfi su kai tsakiya su ɓace, ki yi wata biyu kina jira. Ki tambaya a guruf ɗin sharhi za a gaya miki. Na biyu, in na kai feji na biyar ban san abin da jarumar take so a rayuwarta ba, sai kwatancen dogon hancinta da motocin gidan su saurayin, ina ajiyewa. Labarin da nake nema shi ne wanda zan ga kaina ko ƙawata a ciki, yarinyar da ke son ci gaba da karatu ana maganar aurenta, yaron da ya tafi nema ya bar uwa, 'yan uba a gida ɗaya, mai tallan da ke leƙen aji ta taga. Soyayya ma ina so ƙwarai, amma wadda mutane ke magana kamar mutane.

Na ukun shi ne mai nauyi, kuma ina roƙonki ki ji ni. In marubuciya ta rubuta a sama cewa littafinta na matan aure ne, to ta sauke nata nauyin, saura ke. Kada ki ce bari in leƙa kawai. Akwai kuma waɗanda ba sa faɗa, kina cikin karatu sai ki ga zance ya juya ya koma batsa tsirara, ki fita daga guruf ɗin a take ki share. Ma'aunin da nake ba ƙannena mai sauƙi ne, in ba za ki iya karanta fejin nan da ƙarfi gaban yayarki ba, ba naki ba ne tukuna. Irin waɗannan ne suka sa iyaye da yawa suke ƙwace waya su hana karatun gaba ɗaya, har abin ya shafi masu kyan.

Na biyar, biyan kuɗi, kuma a nan na taɓa ƙonewa.

Ki fara gane lissafin. In marubuciyar Najeriya ta ce "ɗari biyar" naira 500 take nufi. Mu kuma da dala muke ƙirga, dala ɗari ita ce 500F, jikka ita ce 1000F, to kar ki ji "ɗari biyar" ki ɗauka dala ɗari biyar ce ki tura 2500F. Da yawansu suna rubuta farashin 'yan Nijar daban da sefa, su sa lambar wata wakiliya a nan wadda za a tura ma kati ko a aika mata ta Nita ko Amana, sannan ki tura hoton shaidar biya a saka ki a guruf ɗin masu biya. Canjin naira da sefa yana motsi, in za a biya miki da naira ki tambayi 'yan canji a ranar, kar ki yi aiki da na watan jiya.

Ni abin da ya same ni, wata ta yi mini magana ta gefe ta ce ita ce wakiliyar marubuciyar da nake bi, har da hoton bangon littafin a kan lambarta, ta ce akwai ragi yau kaɗai. Na tura mata katin jikka guda, kuɗin da na tara daga na kabu-kabu ina takawa da ƙafa zuwa lakwal kwana da kwanaki. Tana karɓa ta toshe ni. Na yi kuka a ɗaki ban gaya ma kowa ba. Daga ranar dokata ɗaya ce, lambar da marubuciya ta rubuta da hannunta a ƙarshen fejinta ita kaɗai nake biya, kuma kafin in tura sai na yi ma ita kanta magana ta tabbatar. Duk wanda ya biyo ki ta gefe da zancen ragi, ki toshe shi kafin ya toshe ki.

Sai maganar littafin sata. Za ki ga guruf da ake watsa littattafan kuɗi kyauta, wata ta biya ta kwaso ta zuba ma mutum ɗari biyu. Na san aljihun ɗalibi, ni ma ɗaliba ce. Amma ki tuna wadda ta rubuta, galibi mace ce kamar yayarki, da babban yatsa take bugawa a waya bayan ta gama girki ta kwantar da yara, da datarta da cajinta, wata uku wata huɗu. In ta ga ana yawo da shi kyauta gwiwarta sanyi take yi, na ga waɗanda suka daina rubutu saboda haka, kuma mu masu karatu muka yi asara. In ba ki da kuɗi akwai na kyauta da yawa masu kyau, wasu marubutan ma suna sakin tsohon littafinsu kyauta in sun fara sabo, ki yi haƙuri ki jira. Ni jikka guda nake warewa a wata, in ta ƙare ta ƙare.

Na shida, lokaci. Wannan shi ne abin da zai sa a bar ki ki ci gaba ko a hana ki.

Ina ajin ƙarshe na kolej, shekarar birbe, na kamu da wani dogon littafi, ina lulluɓa da zane ina karatu har ƙarfe biyu na dare, da safe mushe na bayani a allo ni ina can cikin labari ina tunanin ko za a fasa auren. Mwayen ɗina, wato matsakaicin makina, na zangon farko ya faɗo ƙasa da 10 cikin 20. Baba bai yi faɗa ba, ya dai karɓi takardar ya duba ya miƙo mini ya ce "ke ce kuwa?" Kalmar nan ta fi mini bulala zafi. Na ajiye waya wajen inna da kaina har na gama jarrabawa.

Tsarin da na tsaya a kai tun daga nan, kuma har yau shi nake bi: ba na buɗe labari sai na gama dibuwar, wato aikin gida na lakwal, da bitar gobe. Ranakun lakwal minti arba'in, ina sa ƙararrawa, in ta buga ko a tsakiyar jimla nake ina rufewa. Littafin da ake saki feji-feji ba na bin shi kullum, ina bari ya taru in karanta ranar Asabar da Lahadi, haka ya fi daɗi ma, ba ki cikin zullumi duk sati. Sati biyu kafin kompozisiyon, wato jarrabawar zango, ina sa duk guruf a shiru. In shekarar birbe ko bak kike, daga watan Afrilu ki yi sallama da sabon littafi har ki fito, ki rubuta sunayen waɗanda suka fito a bayan kaye, hutun damina na nan tafe da wata uku kusan cur, za ki same su sun kammala ma ba jira. Waya kuma ba ta shiga aji, in surbeyan, mai sa ido kan ɗalibai, ya kama ki ba shi da laifi.

Na bakwai, ki nemi abokan karatu na zahiri, ba na waya kaɗai ba. Mu biyar ne, muna haɗuwa Lahadi bayan La'asar a tsakar gidanmu ƙarƙashin bedi, kowa da tabarmarta, wani lokaci da ƙuli-ƙuli ko gyaɗa. Muna adashen littafin takarda, kowa ta zuba dala hamsin a wata, in ya taru a ba kawu saƙo, littafi ya zo ya zagaya kwana biyar-biyar sannan ya zauna wajen wadda ta ɗauki zubin watan. Muna da kaye guda da ake rubuta wa ya ɗauka da ranar da zai dawo, don aron littafi ya raba ƙawaye da yawa. Sabo na zuwa muke naɗe bangon da leda ko takardar siminti, kuma ba a ajiye shi a ƙasa saboda gara. Na kuɗi na waya kuwa kowa ta biya nata, ba ma tura ma juna.

Daɗin zaman shi ne musu. Wata ta ce jarumar ta yi daidai da ta yi shiru, wata ta ce ina, da ni ce sai na kai ƙara wajen kawunta, har inna daga madafa ta sa baki ta ce ku yara ba ku san zaman gidan miji ba. A nan na gane mutum biyar za su karanta feji ɗaya kowa ya ga abu daban.

Ki riƙe naki kayen daban. Duk littafin da kika gama ki rubuta sunansa da marubucin da ranar, da layi uku na abin da ya burge ki da abin da bai yi miki ba, da kalma ko karin maganar da kika tsinta. Daga cikin layukan nan ki ɗebo ki tura ma marubuciyar sharhi, ba "Allah ya ƙara basira" kawai ba ko "Anti a ƙara yawan feji", ki gaya mata wane wuri ne ya taɓa ki, wane hali ne kika ga bai yi kama da gaskiya ba, cikin ladabi. Ki ce mata daga Maraɗi kike. Wata da na yi ma haka ta amsa mini da murya, ta ce ba ta taɓa sanin ana karanta ta a Nijar ba, ta tambaye ni yadda muke cewa abubuwa kaza da kaza a nan don tana son saka 'yar Maraɗi a littafinta na gaba, na zauna na cika mata feji biyu na kaye na ɗauki hoto na tura.